Lam goma sha uku: tarihin bashen Kaka

A farkon bakans ɗin bana, kwana biyu da dawowata gida Maraɗi daga Damagaram, na iske mutum uku a ƙofar gidanmu suna zagaya motar Kaka. Ɗaya na ƙwanƙwasa gefenta da dutse, ɗaya ya durƙusa yana leƙen ƙasa, na ukun yana danna lissafi a waya. Masu sayen tsohon ƙarfe ne. Ba wanda ya tambayi ko tana tashi, nauyinta kawai suke kintata. Suka yi mata kuɗi jika 140, su yayyanka ta nan take su loda.

Shekara tara ke nan tana tsaye gindin dogon yaro. Tayoyi sun nutse cikin rairayi, kaji sun mai da kabin wurin yin ƙwai. Kaka ya rasu shekara biyu da suka wuce, an raba gado, ita kaɗai ta rage don ba wanda ya san yadda za a raba ta. Baffa na son a sayar, kuma yana da gaskiyarsa: akwai auren ɗiyarsa bayan kaka, ga Gwaggo da ke buƙatar nata kason. Ni kuwa na roƙi a ba ni wata uku. Muka yi yarjejeniya gaban Baba: in har kafin a koma lakwal motar ta kai ƙauyenmu da ƙafarta, sai a sake shawara. In ba ta kai ba a kira masu ƙarfe, abin da na kashe kuma ya tafi ke nan. Abin da na kashe ɗin burs ɗina ne na wata shida da kuɗin kwamfutar da nake tarawa.

Ni ɗalibin tarihi ne, ban taɓa riƙe kile ba. Wani mushenmu yakan ce duk abin da hannun mutum ya taɓa shaida ne, ba sai takarda ba. Mukan rubuta wannan a kaye don jarrabawa mu manta. A garaji na gane abin da yake nufi, shi ne nake so in ba ku labari.

Motar Peugeot 404 ce, wadda iyayenmu ke kira kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, wato bashe. Gidan Peugeot da ƙarfe suka fara, ba da mota ba. A 1810 ne ƴan'uwa biyu na wannan zuri'a, a gabashin Faransa, suka mai da wurin niƙan hatsi na gidansu maƙera. Suka yi ta ƙera zarto da ƙarfen agogo mai lanƙwasa ya miƙe, daga baya injin niƙan kofi da kekuna. Zakin da kuke gani a goshin motar, a kan zarto aka fara buga shi, wai haƙoransa kamar na zaki. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 suka shiga ƙirar mota.

Ita 404 ta fito a 1960, shekarar da muka samu ƴancin kai. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara jikinta, babbar masana'antar Sochaux ta ƙera ta. Injinta na esansi mai silinda huɗu ne, 1618 cc, an kwantar da shi gefe guda, giya kuma a jikin sitiyari take. Sunanta a Afirka ya fito ne daga tseren Safari na gabashin Afirka, inda ta zo ta ɗaya a 1963, 1966, 1967 da 1968. A tseren 1963 mota bakwai kaɗai suka kai ƙarshe saboda ruwa da taɓo. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1975, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991.

Sai dai direbobin tashar Dakoro ba tseren Kenya ya sa suka so ta ba. Tsohon makanikin da ya karɓi aikinmu, wanda kowa a layin ke kira Maigida, shi ya nuna mini dalilin ranar da muka buɗe injin. Ramukan da fistan ke kai-da-komo a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba. Kowanne bututu ne da ake zarewa, su makanikai suna ce mishi shamis. In ya cinye sai a zare a zura sabo da fistansa, injin ya koma yaro, ba sai an kai shi wani babban gari an fafe ba. Wutarta filatin ce da ake gogewa da ƴar takardar yashi, karbirato kuma a wanke da esansi a hura da baki. «Wannan mota,» in ji Maigida, «in ta mutu a daji, da kile huɗu da waya da haƙuri za ka kawo ta gida. Ta yanzu in ta yi fushi sai an ɗauko mata kwamfuta daga Yamai.»

Kart giriz ɗinta na cikin akwatin Kaka tare da farminsa. Ta nuna an fara sa motar a hanya a 1973, amma sunan Kaka bai hau kanta ba sai 1981. Shekara takwas ɗin farko a Faransa ta yi su. To yaya ta zo?

A shekarun 1970 da 1980 akwai wani fatauci da yawancinmu ba mu tarar ba. Samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan, sukan sayi tsohuwar Peugeot da arha, su sa ta jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset, su ratsa rairayin Lawuni zuwa In Gezzam, su shigo ta Asamaka, sai Arlit da Agadas. Nan za su sayar, kuɗin ya biya musu yawon da tikitin jirgin komawa. Waɗanda ba su kai ba, gawarwakinsu na nan warwatse a hamada. Lokacin kuwa akwai masu saye. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo a 1978, kuɗi na yawo a arewa, aka shimfiɗa gudron daga Tawa har Arlit. Kaka, wanda ya fara da karen mota a manyan motocin gyaɗa masu zuwa Kano, ya ga gyaɗa ta mutu. Ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, har gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikinta, amma farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya ta. Sai ya bi jama'a arewa, ya yi shekaru yana tuƙa motar wani, ya tara, ya sayi bashe hannun waɗansu Turawa biyu a Agadas. Gwaggo ta ce da ya iso da ita har akwai tukunyar gas da bargunan Turawan a baya, barguna biyun ma su aka yi ta shimfiɗa wa baƙi har suka yage. Wannan hanya ta rufe a farkon shekarun 1990, da yaƙin cikin gida na Aljeriya da tawayen arewacin ƙasarmu. Daga nan tsofaffin motocin Turai suka koma shigowa ta tashar ruwan Kwatano.

Ina ta murna ina cewa ga mota ƴar asalin Faransa, Maigida ya goge gefen injin da tsumma ya yi dariya. «Ɗan lakwal, wanga inji ba nata ba ne. Na 504 ne, ɗan Kaduna. Ni da hannuna na sa shi.»

Nan tarihin ya tsallaka iyaka. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, wadda ake kira PAN. Abin mamaki, shekaru da dama a jirgin sama ake ɗauko kayan motocin daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a ɗaura. Ita 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma zama motar gwamnati da ta ƴan kasuwa a Nijeriya, inda aka yi ta harhaɗa ta sama da shekara ashirin bayan Turai ta daina a 1983. Amfanin wannan gare mu a fili yake: duk wata Peugeot da ta yi haɗari tsakanin Kano da Katsina, kayanta na iya kwana a Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, mai sefa a aljihu ya zama sarki a kasuwannin Kano. Injin 504 dangin na 404 ne, ya fi shi girma kaɗan, yana zama a mazauninsa ba da wahala ba. Kaka ya ga sayen inji sukutum daga can ya fi mishi arha bisa ga sabunta nata. Sai kuma ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare guda. Duk wani fiyes da ke zuwa daga Faransa kuɗinsa ya ninka. Maigida ya ce tun daga ranar bai ƙara ganin Kaka ya shiga kantin sabon kaya ba.

Injin bai ba mu wahalar da na zata ba. Mun jiƙa shi da gazuwal kwana biyar ya saki, muka sauya zobba da juwan kilas, aka wanke tanki. Inda aikin yake, inda kuma na fi koyon abu, ƙarƙashin bayan motar ne.

Bari in bayyana wa wanda bai taɓa leƙawa ba. Ƙafafun baya na bashe a kan ƙarfe guda suke, wanda ake kira fon. Abin da ke tsakanin fon da jikin mota shi ne lam: faffaɗan ƙarafa masu lanƙwasa kamar baka, an jera su ɗaya bisa ɗaya, babba a sama, suna raguwa zuwa ƙasa. Na saman shi ne uwar lam, yana da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake, na baya yana rataye a wani ɗan lilo don lam ya samu wurin miƙewa in an danne shi. Bulo guda ya ratsa tsakiyarsu duka, sai maɗaurai biyu masu siffar ƙugiya da suka rungume su da fon. In mota ta faɗa rami, lam ɗin sukan miƙe suna gogar juna sannan su dawo. Kuma ba nauyi kaɗai suke ɗauka ba, su ke riƙe fon a wurinsa. In bulon tsakiya ya guntule, fon ya zame gefe guda, sai ka ga mota na tafiyar kare, kai na duban gabas, gindi na bin kudu.

Mun ɗaga ta bisa kututture, muka kwana biyu muna fama da maɗauran da tsatsa ta cinye. Biyu sai da aka yanke. Da muka sauke na dama muka kwance, afaranti ya jera su a ƙasa: goma sha uku. Na hagu goma sha biyu. Kuma ba kamarsu ɗaya ba, wani ya fi wani faɗi, wani kauri, wani an yanke bakinsa da wuta, wani ramin tsakiyarsa biyu ne.

Maigida ya jawo benci ya zauna, ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya kamar mai duba zanen suna a fuska. Ya ware shida ya ce su ne suka rage cikin waɗanda suka zo da motar: bakinsu a sirance yake, ƙarfen sumul. Ya ɗaga biyu masu kauri ya ce na Land Rover ne, kuma ya san shekararsu. «Lokacin El-Buhari munka sa su.»

Kun san sunan ko daga bakin tsofaffi. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da farin 1984, shi ya sa mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunansa. Hatsi na Nijeriya, yunwa na nan, hanyar gudron a rufe. Masu ƙananan motoci irin Kaka su suka riƙa bin hanyoyin daji da dare, ba fitila, suna shigo da masara da garin rogo. Tafiya ɗaya ce a dare, don haka abin da mota biyu za su ɗauka shi ake ɗora wa ɗaya. A littattafanmu wannan zamani sakin layi guda ne, da adadin tan na taimakon abinci. Ban taɓa karanta inda aka rubuta cewa ƙarfen Land Rover ya shiga ƙarƙashin Peugeot don garin rogo ya kai Kornaka ba.

Sauran ma kowanne da zamaninsa. Uku na Toyota ne, na ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Hilux da Hiace suka fara korar Peugeot daga tasha, kayansu suka cika kas. Ɗaya guntun lam ɗin babbar mota ne da maƙeri ya rage wa faɗi. Na goma sha ukun, wanda babu kishiyarsa a hagu, shi ne ya ba mu dariya: Kaka ya ƙara shi ne don gefen dama ke bin bakin hanya inda gudron ya cinye, can kuma karen mota da fasinjojin da suka makara ke rataya.

A nan muka yi gardama da Maigida, kuma gardamar ce ta sa na rubuta wannan. Na shiga wani rukunin masu son tsofaffin Peugeot a Facebook, yawancinsu Faransawa. Su a wurinsu gyaran tsohuwar mota shi ne a mai da ita yadda ta fito daga masana'anta, fenti irin na shekarar, har kan bulo. Akwai gidan tarihin Peugeot a Sochaux tun 1988, akwai masu sayar musu da kayan da aka sake ƙerawa. Da na sa hoton lam ɗinmu, wani dattijo ya rubuto da kyakkyawar niyya cewa in zubar da duk abin da ba na asali ba, an ɓata motar. Na zo da wannan ra'ayi garaji ina ji da shi. Maigida ya saurare ni har na gama, ya ce: «To, asali. Shekara takwas ta yi wurinsu, ta yi talatin da biyar tana aiki wurin kakanka. Wane ne mai asalin?»

Amma kada ku ɗauka shi ma yana son a mai da goma sha ukun ne. Ya kai ni ƙarƙashin motar da tocila ya nuna mini inda idon lam na gaba ke kamawa a shasi. Walda a kan walda, faci uku. Ya ce wannan aikin ƙarin lam ne. In ka ƙara lam mota ta daina zama ƙasa da kaya, gaskiya ne, amma ka kashe lanƙwasar. Dukan da lam ya kamata ya shanye sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi, ya tsaga shi. In ba kaya kuma, baya ya riƙa tsalle bisa gargada, taya na barin ƙasa, a kan kwana sai ta juya da kai. Ga shi birki bai san an ƙara lam ba, yadda aka yi shi don tan guda haka yake ko an ɗora biyu. Ya ambaci direbobi biyu na zamaninsu da suka mutu a haka, ya yi musu addu'a. Ni da nake shirin rubuta waƙar yabon dabarar mutanenmu sai na yi sanyi. Dabara ce, ba shakka, amma ta wanda ba shi da zaɓi ce, kuma an biya ta da rayuka.

Muka tsaya a kan tara kowane gefe: shida na asali, biyun Land Rover, da ɗaya na Toyota da ya fi dacewa da tsawon. Hagu da dama dole su zo daidai, in ba haka ba mota ta karkace.

Kowane lam sai da na goge shi da buroshin ƙarfe har hannuna ya yi kanta. Maigida yakan rataya shi da igiya ya buga da guduma. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga a ɓoye sai ya yi «kwaf» ya yi shiru. A haka muka gano uwar lam ta hagu ta tsage dab da ido. Waɗanda suka miƙe don tsufa kuma aka mai da musu lanƙwasarsu: ya zana bakan da yake so da alli a ƙasa, a ɗora lam bisa guntun ƙarfen dogo mai rami, a bi shi da babbar guduma kaɗan-kaɗan, a ɗauka a gwada a zanen, a sake. A sanyi ake yi. Wani yaron mai walda ya ce a gasa shi da wuta ya fi sauri, Maigida ya kore shi daga wurin. Wuta na kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen tun a masana'anta, zai lanƙwasu da sauƙi, ya kuma zauna da sauƙi ranar da aka ɗora buhu biyar.

Robobin da ke cikin idon lam, silambulok, babu ko ɗaya na gaske. Duk tsohuwar taya ce aka yanka aka naɗe. Su da uwar lam da sabbin maɗaurai da bulon tsakiya, dole a nemo.

Neman kaya ya ci mini sati uku da fiye da rabin kuɗina. A kas ɗin Maraɗi an ce mini na makara da shekara goma, masu sayen ƙarfe sun kwashe 404 duka. Wani abokina a Yamai ya zagaya Katako ya samo mini fitilar baya guda da hannun ƙofa. Kayan Kwatano sun yi wuya tun da iyakar Benin ta rikice a 2023. Sai Kano. Na bi ta Ɗan Isa da tsohuwar uwar lam a buhu, duwan na tambayata ko makami ne. A Ƙofar Ruwa na koyi cewa kaya iri uku ne: tsohon asali da aka ciro daga wata mota, sabo na kwali mai zanen zaki wanda zakin kawai ne na gaske, da wanda za a ƙera maka nan take in ka kawo samfur. Yaran shaguna ba su ma san 404 ba, Fijo a wurinsu 406 ce. Sai da aka kai ni wurin wani tsoho can ciki, ya dubi abin da ke buhuna ya ce rabonsa da ganin irinsa tun kafin a haife ni. Ya sa aka haƙo uwar lam biyu daga ƙarƙashin tulin ƙarfe. Na tuna darasina, na rataya su na buga. Ɗaya ta yi ƙara. Tsohon ya yi murmushi ya ce wa ya koya mini, ya kuma ƙi rage ko naira ɗaya.

A wani shagon kuma aka cuce ni. Na sayi amartisar na baya guda biyu sababbi fil a kwali, da muka ɗaura, ɗaya ya zubar da mansa tun motar ba ta fita garaji ba. Wa zan koma wa? Na haɗiye.

Gaba ba lam gare ta ba. Rasor ne mai murɗe kamar igiya, da amartisar a tsakiyarsa, ƙafa guda tun daga taya har ƙarƙashin kafo. Cikin murɗin rasor ɗin mun iske guntayen taya da aka cusa don kada ya zauna. Cire shi ne aiki mafi haɗari, domin a matse yake, in ya kuɓuce yana iya fasa kan mutum. Maigida ya ɗaure shi da maƙalai biyu ya ce kowa ya ja baya. Abin da ya burge ni, amartisar ɗin gaba na Peugeot ana buɗe shi. Ya kwance, ya zubar da wani baƙin ruwa mai wari, ya wanke, ya sauya robar baki, ya zuba sabon mai, ya rufe. Abu mai shekara hamsin ya dawo aiki, sabo na kwali bai kwana ba. Rotil biyu da robobin hannun ƙafa muka sauya, aka yi wa mazaunin rasor na dama faci don ya fara tsagewa. Birki kuwa ban yarda a yi mishi dabara ba, kuɗin kwamfutar nan ya tafi.

Lam bakwai da suka rage, da tsohuwar uwar lam, Maigida ya ce in kai wa maƙeri, haka ake yi tun da. Ƙarfen lam ya fi kowane ƙarfe yin adda da gatari da ruwan hauya. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta shiga ɗaki ta fito da wuƙar da take yanka nama da ita tun ina yaro, ta ce ai wannan ma daga motar take, lam ɗin da ya karye musu a hanyar Mayahi shekarar da aka haifi Baffa ƙarami. Ban kai su maƙera ba tukuna, suna ƙarƙashin gadona, na rubuta wa kowanne zamaninsa da fenti.

Saura kwana shida a koma lakwal muka fito da ita. Ba fenti, ba tamfol, gilashin gefe ɗaya kwali ne, takardu kuma sai wani jandarma da ya san Kaka ya kau da kai. Maigida ke tuƙi, ni a tsakiya, Baffa a bakin ƙofa yana riƙe da ita don makullin ba ya kamawa. Mun wuce Tibiri lafiya. Da muka sauka daga gudron muka hau jar hanya, na ji yadda baya ke shanye gargada, Maigida ya dube ni bai ce komai ba. Sau biyu muka tsaya ƙara ruwa, radiyato na yoyo. Tafiyar awa ɗaya ta ci mana uku.

A ƙauye tsofaffi suka fito suna shafa ta. Wata tsohuwa ta ce a bayan motar nan aka kai ta asibiti haihuwar fari. Baffa bai ce komai a kan sayarwa ba, sai da za mu juyo ya sa aka fito da buhunan gero daga rumbu, na bikin ɗiyarsa. Aka loda takwas, ya ce a ƙaro huɗu. Maigida ya sauko ya durƙusa ya dubi lam, ya ce: «Alhaji, takwas ɗin dai. Sauran a dawo gobe.» Baffa ya ce a zamanin Baba ashirin take ɗauka. Suka yi ta yi, aka tsaya a goma.

Masu ƙarfe sun sake zuwa ranar da zan koma Damagaram, sun ƙara jika 20. Baba ya ce musu a bari sai bayan biki, don motar ce za ta kai kayan ɗaki. Na bar wa Maigida jika 15 na radiyato, ina kuma da bashinsa na jika 40 da na ce zan biya in burs ya fito.